Taken da Kawu Bai Rufe Ba

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana, ranar Talata, Kawu ya cika. Na duba agogona a lokacin, shi ya sa na sani. A ɗakin da ke jikin zaure ne, gidan babban ɗansa a Zango, nan cikin Damagaram. Mu huɗu muke kansa: matarsa da muke kira Iya, babban ɗan nasa da kowa ke kira Malam, 'yarsa Auta, sai ni ɗan ƙanwarsa. Zafin bazara ya yi tsanani har hannun Auta ya gaji da fifita, ta miƙa wa Iya maficin.

Kafin Malam ya fara laƙanta masa kalmar shahada, Kawu ya kama wuyan hannuna. Hannun makaɗi ne, ko a wannan hali da ƙarfinsa. Ya ce, "Ɗan mace, kaset ɗin nan da na ba ka ajiya. In an kai ni, ka ƙone shi." Na ce to. Auta ta ɗago ta dube ni. Na gane kallon. A iya saninmu babu inda muryar ubanta ta rage sai a cikin wannan kaset, domin tun da aka yi shi bai sake yarda wani ya ɗauki maganarsa ba. Ni wasiyya ce a wuyana. Ita kuwa ubanta ne za a sa a wuta.

Ni tela ne. Aji shida na yi a lakwal, wato makarantar boko, ban wuce nan ba. Na sayi kaye, littafin rubutu, na zauna rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don ina da roƙo a wurin mai karatu. Zan bi abin daki-daki, yadda na gani.

An kai shi bayan la'asar. Masu gaisuwa iri biyu ne suka cika ƙofar gida. Akwai abokan karatun Malam, sun yi addu'a mai kyau, ɗayansu ya ce, "Mutumin kirki ne, duk da sana'arsa." Na ji, na haɗiye. Akwai kuma mutanen ƙauyenmu da ke kan hanyar Damagaram Takaya, waɗanda suka ciko mota guda suka iso washegari da hantsi. Su ba su yi dogon bayani ba. Tsofaffin suka zauna kan tabarma, idonsu yana ta komawa ga gangar noma da ke rataye a bangon zaure, lulluɓe da tsohon bargo. Wata tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Iya, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa. To mazanmu da suka rage, wa zai rufe musu take?" Iya ta sunkuyar da kai.

Ranar sadakar uku, ana tsakiyar addu'a, wayar wani mai kabu-kabu da ya sauke baƙo a bakin layi ta yi ƙara. Ganga ce ta fito daga aljihunsa. Hannun Kawu ne, kuma taken marigayi sarkin noman ƙauyenmu ne, wanda ya shekara tara a ƙasa. Tsofaffi uku suka miƙe tsaye lokaci ɗaya, tafukansu a buɗe ba su shafa ba. Ɗayansu, wanda sai an kama shi yake tashi, ya juya ya dubi ƙofar zaure, ya matsa gefe kamar mai ba wani hanya. Mai babur ya amsa wayarsa ya wuce abinsa. Tsofaffin suka koma suka zauna ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya dubi ɗan'uwansa. Liman ya sake addu'ar daga farko.

Dole in bayyana take, don yaran yanzu sun ɗauka kiɗa ne kawai. A ƙauyenmu, duk manomin da ya isa, makaɗi yakan ƙera masa 'yan bugu nasa shi kaɗai, gajeru, ba su fi numfashi biyu ba. Ranar gayya, in an jeru a bakin gona da hauyoyi, Kawu yakan bi bayan layi da ganga a kafaɗa. In ya ga mutum ya fara sanyi, sai ya buga takensa. Mutumin zai yi ihu, ya cilla hauya sama ya cafe, ya taka rawa taku uku ko huɗu, ya faɗa wa ciyawa kamar an sake masa jiki. Ko yana bayan gari, in ya ji takensa sai ya zo. Kawu ya gaji wannan a wurin ubansa, shi ma a wurin nasa.

Tare da gangar ya gaji ka'ida. In mai take ya rasu, bayan sadakar bakwai makaɗi yakan je bakin gonar mamacin da hantsi, ya buga taken sau uku. Daga ranar ba a sake buga shi, ko da wasa, ko a bayan ƙwarya. Wannan shi ne rufe take. Kawu yakan ce, "Take kira ne. In mutum ya kwanta, a bar shi ya kwanta."

Saboda haka ne ba ka ganin Kawu yana ƙwanƙwasa yatsa a kan komai. In ya zauna hira, sai ya haɗe yatsunsa ya matse su tsakanin gwiwoyi, don kada su buga wani abu ba da saninsa ba. Jikokinsa sun sha duka a kan buga tire. Wata rana ya shigo shagona ina tsakiyar ɗinkin riga, ya tsaya a kaina, fuskarsa ta sauya.

"Tela, sassauta ƙafarka."

"Kawu, mai rigar yana jira."

"Ya jira. Kekenka yana kiran wani."

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya faɗi sunan mutumin, wani maƙwabcin kakana da ya rasu tun ban yi aure ba. Na sauya takun ƙafata. Har yau in na ji keken ya faɗa wannan tafiya, nakan tsaya in sha ruwa.

Mutum ne mai tsanani, amma akwai abin da ya yi wanda ƙauyenmu ba zai manta ba. Akwai wani mai ɗingishi, ƙafarsa ta hagu gajera ce tun haihuwa. A kowace gayya shi ne na ƙarshe, samari suna yi masa eho. Ba wanda ya zaci zai sami take, don take na zarata ne. Kawu ya bi shi a baya damina guda yana sauraron takunsa, ɗaya da nauyi, ɗaya a sace. Ranar gayyar mai gari, sai ya buga wani sabon kiɗa mai tsallen bugu ɗaya, daidai da tafiyar mutumin. Mai ɗingishi ya tsaya, ya waiga. Kawu ya ce, "Kai nake kira, tafi!" Ya tafi kuwa, ɗingishin ya hau kan kiɗan daram, har masu ƙafa biyu lafiyayyu suka fara kwaikwayonsa suna kasawa. Daga nan rawar ta shiga bukukuwa, 'yan mata suna karya ƙugu a kan bugun da ya ɓace. A shekarar mutumin ya yi aure. Matarsa ta ce a filin rawa ta fara ganinsa da kyau.

Yanzu maganar kaset. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, wani Nasara ya zo ƙauyenmu da tafinta ɗan Damagaram. Aikinsa yawo ƙasa-ƙasa yana ɗaukar kiɗa da rawar mutane. Ina nan ranar, na je gaida gida da matata. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin gawo. Don ya saki jikin Kawu, baƙon ya fara kunna masa abin da ya tara a wasu wurare. Akwai na mutanen bakin teku, ganguna da yawa suna hawa kan juna. Akwai na ƙasar Hindu, wanda tafinta ya ce da yatsu ake buga shi, mai rawa kuma yana ɗaura ƙararrawa a idon sawu. Akwai na Larabawa mai sarewa. Akwai wani da babu ganga ko ɗaya, tafi ne da dukan ƙafa a kan katako.

Kawu ya saurari kowanne da ido a rufe, yatsunsa a matse. Duk wanda ya ƙare, tambayarsa ɗaya ce: "Wa suke kira?"

Tafinta ya juya wa baƙon, ya juyo. "Ya ce ba kowa. Na rawa ne, na nishaɗi."

"Bai tambaya ba ne," in ji Kawu. "Ba a ɗaure fata a kan itace don a yi shiru da sunan mutum."

Da aka kunna wani daga can ƙetaren babban teku, Kawu ya buɗe ido ya ce a maimaita. Aka maimaita sau biyu. Ya ce, "Waɗannan namu ne. Suna kiran gida, amma sun manta sunan garin." Tafinta ya ce lallai baƙar fata ne, jikokin waɗanda aka kwashe tun da daɗewa. Baƙon ya rubuta maganar a takardarsa. Kawu ya wanke hannu ya ɗauko ganga. Ina jin wannan kiɗan ne ya sa ya yarda. Bai so wata rana a ce namu ma an manta sunan garin.

Ya yi hattara iyakar saninsa. Baƙon ya nemi taken mutanen da, Kawu ya ƙi. Ya buga na rayayyu kaɗai, mutum goma sha ɗaya, kuma dukkansu suna zaune a wurin. Kafin kowane take yakan faɗi sunan mai shi da na ubansa, ya tsokane shi, ya buga, mutumin ya tashi ya taka, a yi shewa. Da aka kira azahar mutane suka watse, ni ma na kama hanyar tasha. Bayan wata biyu tafinta ya aiko wa Kawu kaset ɗaya, ya riƙe ɗaya.

Abin da Kawu bai lissafa ba, shi ne rayayyu ba sa zama rayayyu. Na farko ya rasu bayan shekara huɗu. Kawu ya je ya rufe takensa yadda ya saba. Ranar kasuwar Mirriya ta zagayo, yana wucewa ta rumfar masu sayar da kaset, sai ya ji taken yana tashi daga lasifika, hannunsa ne, ƙarfinsa ne. Iya ta ce ya dawo gida bai ci tuwo ba, ya zauna yana duban tafin hannunsa kamar na wani. Kaset ɗin tafinta ne ya fita, aka yi ta kwafa. Masu kwafa suka yanke maganganu da sunaye, suka bar kiɗa zalla, goma sha ɗaya a jere. Da zamanin kaset ya wuce muka ce an huta, ashe ya koma cikin waya. A lokacin ne Kawu ya naɗe nasa a tsumma ya ba ni. Ya ce kada in kunna, kada in ƙone sai ya mutu. Na tambayi dalili, ya ce ɗan mace ba ya tambayar dalili a maganar ganga.

Ɗaya bayan ɗaya suka tafi, har da mai ɗingishi, wanda takensa ne na bakwai a kaset, sarkin noma na ƙarshe. Kowanne Kawu ya rufe shi a bakin gona, kowanne kuma ana ci gaba da kiransa a tasha, a gidan biki, a aljihun masu babur. Na mai ɗingishi aka fi so, don shi ya fi daɗin rawa.

Bazarar da ta biyo rasuwar sarkin noma, wani abu ya faru da zan faɗa ba tare da ƙari ba. Matarsa, tsohuwa mai cikakken hankali, tana zaune a ƙofar gida da rana tsaka, wani ya wuce a kan amalanke da waya tana buga taken mijinta. Ta tashi ta dama fura, ta ɗora ƙwarya a ka, ta nufi gona, kamar yadda ta yi shekara arba'in. Sai da ta isa ta tuna. Ta dawo ta ce ta tarar an kafta layi uku daga bakin gona zuwa gindin aduwa, ƙasar a juye, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba, ba wanda ya fara taɓa gona. Washegari na ɗauki Kawu a babur muka je. Na ga layukan uku da idona. Ban ce ga wanda ya yi su ba. Mai yiwuwa wani ne ya gwada sabuwar hauya. Kawu ya tsuguna ya auna faɗin saran da tafin hannu, ya miƙe, ya ce mu tafi. Sai da muka shigo gari ya ce, "Ni na jawo masa."

Daga nan ya shiga bin masu saka waƙoƙi a waya. Ya riga ya dawo Zango wurin Malam saboda ciwon ƙafa, amma yakan dogara sanda ya tafi rumfarsu. Na raka shi sau ɗaya.

"Kai, mai na'ura. Kiɗan noman nan da kake zuba wa mutane, nawa ne. Ka goge."

"Baba, kai ne mai gangar? Kai, jama'a, ku zo ku ga mai gangar! Baba, tsaya a yi mana hoto."

"Ban zo hoto ba. Mutanen da ke ciki sun mutu."

"Allah ya jiƙansu. Ai shi ya sa ake ajiye irin wannan, Baba, tarihi ne."

"Ubanka yana da rai?"

"Ya rasu."

"To in tsaya a ƙofar gidanku kullum ina ƙwala masa kira da sunansa, uwarka tana ji. Tarihi ne?"

Mai rumfar ya daina dariya. Ya goge a gabanmu, ya nuna mana. Amma ya ce, "Baba, gaskiya ita ce wannan ya kai Agadas, ya kai Kano. Gobe wani zai kawo mini shi a wayarsa." Haka kuwa aka yi.

A gida ma bai huta ba. Malam ya koyi ganga tun yana ƙarami, hannunsa ya fi na kowa a zuri'ar, amma yana shekara goma sha biyar ya ajiye gula, wato sandan kiɗa, ya bi karatu, bai sake taɓawa ba. Wata rana ina wurin suka yi sa'insa.

"Baba, mamaci ba ya jin ganga. Yana inda Allah ya ajiye shi. Wannan damuwar taka ba ta da asali."

"Na ce maka yana ji?"

"To mene ne na yawo a rana da ciwon ƙafa?"

"Ko ba ya ji, matarsa tana ji. Ni ma ina ji. Kai da ka yi karatu, a wane littafi aka ce a yi wa wanda ya kwanta rashin kunya?"

Malam ya ce ba haka yake nufi ba. Kawu ya juya masa baya, suka kwana uku gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Duk da haka Malam bai taɓa cewa a sauke gangar daga zaurensa ba, ko da abokansa suka yi magana. Wannan na shaide shi.

Na dawo kan wasiyya. Washegarin sadakar uku Auta ta zo shagona, ta zauna a kan bencin masu jira. Taubashiyata ce, tun tana yarinya ba ma raga wa juna.

"Ɗan mace, ina kayan gidanmu?"

"Kayan gidanku mai su ya ce a ƙone."

"Kai dai bawan umarni ne. Da ya ce ka faɗa rijiya, da yanzu muna zaman makoki biyu."

"Da na faɗa a kan lokaci."

Ta yi 'yar dariya, sai hawaye ya biyo. Ta ce, "Ina da shekara shida aka yi shi. Jikokinsa ƙanana ba su san muryarsa da lafiya ba, sai ta ciwo. Ka bari in ji sau ɗaya. In ka ƙone ban ji ba, ba ni ba kai har abada."

Na kwana biyu ina juya abin. Ya ce kada in kunna. Ya ce in ƙone. Ban ƙone ba ranar da aka kai shi, na riga na saɓa ɗaya. A rana ta shida na ari tsohuwar rediyo mai cin kaset a wurin wani mai gyara, na kai gidan Malam bayan azahar. Muka shiga ɗakin da Kawu ya cika, ni da Auta da Iya. Malam ya ce ba ruwansa, ya zauna a zaure, amma ya bar ƙofa a buɗe. Na ce duk inda ganga za ta fara zan rage murya har ƙasa, magana kaɗai za mu ji. Haka na yi, sau goma sha ɗaya. Muka ji shi yana tsokanar mai ɗingishi, yana ce wa sarkin noma cikinsa ya fi rumbunsa girma. Iya ta rufe baki da mayafi tana dariya tana kuka.

Bayan na goma sha ɗaya na kai hannu zan kashe, sai muryar tafinta ta fito, wurin ya yi tsit, alamar mutane sun watse. Ya ce, "Baƙo yana tambaya, kai ba ka da naka?" Kawu ya yi dariya irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba, ta saurayi. Ya ce, "Ina da shi. Babana ya ƙera mini ranar da na fara riƙe hauya. Tun da ya rasu ba wanda ya buga mini, makaɗi ba ya kiran kansa. Amma bari in ji ko yana nan." Kafin hannuna ya kai ga rediyon, ya buga. Gajere ne, bugu biyar da wani a sama kamar tambaya. Bargon da ke kan gangar zaure ya zame ya faɗi ƙasa. Ƙusa ce ta gaji ko iska ce, ban sani ba. Malam ya ce shi bai taɓa shi ba.

A nan na gane dalilin ajiyar. Ba ya iya ƙone taken mai rai, ko da nasa ne. Na kuma gane cewa akwai taken mamaci ɗaya da ya rage a buɗe, kuma mai rufewa ya tafi.

Iya ce ta yi magana, ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure. "Shekara hamsin yana rufe na mutane. Nasa sai a bar shi a tsaye a rana?"

Can sai Malam ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Tela, mayar da shi baya kaɗan." Na mayar. Ya saurara ido a rufe, na ga ya haɗe yatsunsa ya matse. Ya ce, "Ya isa. Na riƙe." Auta ta cire kaset ɗin da kanta. Ta riƙe shi a ƙirji har na ɗauka ba za ta bayar ba, ni kuma na ƙudura ba zan ƙwace ba. Sai ta wuce madafa, ta tura shi cikin murhu ƙarƙashin tukunyar tuwo. Ta tsaya har ya narke. Da ta fito ta ce mini, "Ka huta, ɗan mace. Ba kai ka ƙone ubana ba."

Washegarin sadakar bakwai, ranar Laraba, na ɗauki Malam a babur, gangar a cikin buhu don kada abokansa su gani. Muka isa gonar Kawu ƙarfe goma saura kwata. Babu kowa, babu ko akuya. Gonar fili ce fetal, ana hangen hanyar mota daga nesa, ita ma babu komai a kanta. Malam ya yi alwala da ruwan gora, ya yi wa ubansa addu'a mai tsawo, ya ce, "Allah ka san ba bauta nake yi ba, biyayya ce." Ya rataya ganga. Shekara talatin da biyar rabonsa da gula, amma da ya buga sai da gashin jikina ya tashi. Sau ɗaya. Sau biyu. Sau uku.

Na juya zan tayar da babur, ya ɗaga mini hannu. Ya ce a hankali, "Ba a tafiya nan da nan. Ana tsayawa a saurara, gwargwadon fatiha bakwai. In shiru ya cika, an rufe. Haka ya koya mini."

Muka tsaya. Ina karantawa a zuci ina ƙirgawa da yatsa. Ina cikin ta biyar, daga gabas, wajen hanya, taken ya zo. Bugu biyar da na sama. Sau ɗaya, siriri, kamar daga ƙaramar lasifika ko daga wuri mai nisa ƙwarai. Ba amsa-kuwwa ba ce, don babu dutse ko bango a wurin, kuma an daɗe da yin shiru. Ba hannun Malam ba ne. Na san hannun.

Na dubi Malam, ya dube ni. Leɓensa yana motsi. Ya sauke gangar ya mayar cikin buhu, ya ɗaure bakin da kyau. Ya ce, "Wani ne ya wuce da waya." Na ce haka ne. Muka bi hanyar da babur har kusan kilomita biyu gabas, muka dawo, ba mu ga mutum ko amalanke ba. A hanyar gida ya ce daga bayana, "Tela, bai rufu ba."

Tun ranar nake karɓar wayar duk wanda ya shigo shagona da wannan kiɗa, in saurara har ƙarshe ina istigfari. Duk wadda na ji a goma sha ɗaya take tsayawa. Ban sami mai goma sha biyu ba tukuna. Amma kaset ɗin tafinta cikakke ne, shi kuma ya rasu, ba a san inda kayansa suka shiga ba. Zai yiwu akwai wanda ya kwafa har ƙarshe.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa ya huta, shi da mutum goma sha ɗayan da ya kira da kyakkyawar niyya.

Kai mai karatu, ga abin da nake roƙo. Ka duba wayarka. In akwai kiɗan gangar noma zalla, babu waƙa, gajeru a jere, na bakwai yana tsallake bugu ɗaya, to ka yi musu addu'a ka goge shi, kada ka tura wa kowa. In kuwa naka ya kai goma sha biyu, kuma kai ne ka bi hanyar Damagaram Takaya ranar wata Laraba da hantsi a bazarar nan, wayarka ta yi ƙara sau ɗaya, don Allah ka zo Zango ka tambayi telan da kawunsa makaɗi ne. Ba zan yi maka faɗa ba. Ka zo ka dube ni ka ce kai ne.